Yadda Zafi Ya Ke Busar Da Tufa

Ƙasar Daudawa ƙasar auduga ce. A zamanin Turawa an yi gonar irin auduga a can, manoman Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kuwa sun daɗe suna noma ta. Wanda ya san wahalar auduga tun daga gona har ta zama riga, bai kamata ya bar rigar ta lalace wajen shanya ba.

Tufa ba ta bushewa sai ruwan da ke cikin zarenta ya zama tururi ya fita. Zafi ne ke tashe shi, iska ce ke kwashe shi. Shi ya sa da hunturu riga ta kan bushe da sauri ko ana ɗari, gama iskar busasshiya ce. A watan Agusta kuwa ta kan yini da danshi, domin iska ta riga ta ƙoshi da ruwa.

Zafin rana ya fi kyau ga farar tufa. Amma rana tana cin launi, saboda haka rinanniyar riga a juya ta baibai, a shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. A rataye ta bisa igiya. Akwai wani ƙuda mai yin ƙwai a kan tufar da aka shanya a ƙasa, tsutsarsa ta kan shiga fatar mutum ta zama ƙurji.

Wuta tana dukan gefe guda ne kaɗai. Gefen nan ya kan babbake tun ɗayan bai bushe ba, hayaƙi kuma ya kama tufar. Kada ku kwana da garwashi a ɗaki rufe domin busar da kaya, gama iskarsa guba ce, tana kashe mutum cikin barci.

Dutsen guga yana da zafi ƙwarai. Ruwa yana tafasa a digiri 100, zafin gugar auduga kuwa ya kan kai wajen 200. Yana kore sauran danshi, yana kashe ƙwan ƙudan nan. Auduga tana jure wannan zafi, amma yadin roba, watau irin su nailan, narkewa ya ke yi.

In za ku sa riga a adaka, ku taɓa wuyanta da aljihunta tukuna, gama nan ne danshi ya kan ɓuya. Tufar da aka ninke da danshi ta kan yi fumfuna, zarenta ya ruɓe.