ZARI-RUGA A OSTIRELIYA: GASAR JIHOHI MASU TASOWA

Ƙwallon zari-ruga iri biyu ne: na mutum 15 da na mutum 13. Na biyun ya samo asali a arewacin Ingila a shekara ta 1895, sa'ad da ƙungiyoyin ma'aikata suka nemi a riƙa biyan ƴan wasa kuɗin ranar aikin da suka rasa. A 1908 aka fara gasarsa a Ostireliya.

A can, wasan ya kafu ne a jihar birnin Sidni da ta birnin Birisben. A Biktoriya, Ostireliya ta Kudu, Ostireliya ta Yamma da Yankin Arewa kuwa, jama'a sun fi son wani ƙwallo na gargajiyar ƙasar. Don kada wasan ya mutu a waɗannan wurare huɗu, hukumar zari-ruga ta shirya musu gasa tasu ta shekara-shekara. Ostireliya ta Yamma ce ta fi cin kofin. Bayan gasa, akan zaɓo gwanaye a haɗa su ƙungiya guda.

Amfaninta a fili yake. Tsakanin Sidni da Pat, babban birnin yamma, akwai fiye da kilomita 3000. In ba wannan gasa ba, da wuya masu neman gwanaye su ga saurayin da ke can.

Wasan kuma yana samun gindi. Ƙungiyar Melbon ta shiga babbar gasar ƙasa a 1998, ta ci kofi a 1999. A 2025 aka ba da sanarwa cewa ta Pat za ta shiga a 2027. Sannu ba ta hana zuwa.