Masu "wifi zone" da ƙofar da ake mantawa a buɗe

A unguwannin Yamai, Maraɗi da Damagaram, sana'ar "wifi zone" ta zama hanyar samun na tuwo ga matasa da dama. A kafa eriya bisa rufin gida, a riƙa sayar da tike na awa ɗaya ko na wuni guda. Da yawa daga cikinsu na aiki ne da na'urar MikroTik, wadda wani kamfanin ƙasar Latbiya ke ƙerawa domin rarraba intanet.

Abin da mai sayen tike bai sani ba shi ne, ba dole mai na'urar ya kasance a kusa ba. Ko yana Kwatano ko Abijan, muddin an saita masa hanyar shiga, zai buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya shiga ta SSH. Idan ya rubuta /ip hotspot active print, sai jerin duk waɗanda ke kan rezo a lokacin ya fito masa. Idan na'urar ta cije, /system reboot ya ishe shi ya kashe ta ya sake kunnawa. Rubutu ne zalla, babu hoto, saboda haka ko rezo ya yi rauni aikin yana tafiya.

Sai dai ɓarawo ma ta nesa yake shigowa. Kafin SSH, wanda Tatu Ylönen ɗan ƙasar Finland ya ƙirƙira a 1995, da Telnet ake aiki, shi kuwa yana aika lambar sirri a fili, ba ɓoyewa. Har yanzu akwai na'urorin da ke zuwa da shi a kunne. Tsofaffin MikroTik ma da sunan "admin" suke fitowa daga kwali, ba lambar sirri ko ɗaya.

Irin wannan sakaci ne ya ciyar da Mirai, muguwar manhajar da ta ɓulla a 2016. Aikinta kawai ta bi intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar Telnet, tana gwada kusan lambobin sirri 60 na masana'anta. Kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet dubu ɗaruruwa suka faɗa hannunta. Ranar 21 ga Oktoban 2016 aka tura su kan kamfanin Dyn na Amurka, Twitter da Netflix suka daina buɗuwa ga ɗimbin jama'a. A ƙarshen shekarar aka yi wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya irin haka, wanda ya kai ga ɗaure wani ɗan Birtaniya a 2019.

Mai na'urar da aka kama sau da yawa ba ya ma ankara. Yana dai ganin rezo ya yi nauyi, kwastomomi na ƙorafi suna komawa wurin maƙwabci, shi kuma yana ɗora laifin kan kamfanin waya.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Umarnin /ip service print zai nuna ƙofofin da ke buɗe, /ip service disable telnet kuma ya rufe ta Telnet. Daga nan sai a sauya lambar sirri, a sabunta manhajar RouterOS, musamman idan na'urar gwanjo ce da ta daɗe ba a taɓa ta ba.