Aikatau "Tashi": Ma'anoninsa da Yadda Ake Amfani da Shi

Ɗalibin da ke koyon Hausa a Jos, ko harshensa na gida Birom ne, ko Angas, ko Tarok, yakan haɗu da kalmar "tashi" tun makonsa na farko a aji, sa'ad da malam ya ce, "Ku tashi tsaye." Daga nan sai ya ɗauka ya gama sanin kalmar. Amma ran da ya je kasuwar Farin Gada ya ji mai tumatir yana cewa kaya sun tashi, ko kuwa ya makara aka ce masa kasuwa ta tashi, sai abin ya ɗaure masa kai, domin tumatir ba shi da ƙafa, kasuwa kuma tana nan inda take. A wannan darasi za mu ga cewa ma'anonin "tashi", duk da yawansu, tushensu ɗaya ne, wato barin halin da ake ciki ko wurin da ake. Abin da ke fayyace ma'anar a jimla shi ne aikau, wato wanda ya tashi ɗin.

Tashin jiki

Ma'ana ta farko ita ce barin zama, ko kwanciya, ko barci. Misali: "Ladi ta tashi da asuba duk da sanyi." Daga nan gaisuwar safe ta samo asali. Yaro yakan ce wa sa'arsa, "Ka tashi lafiya?" Idan kuwa babba zai gaisar, sai ya rusuna ya yi amfani da jam'i saboda ladabi: "Baba, kun tashi lafiya?" Haka kuma akan ce marar lafiya ya tashi idan ya sami sauƙi ya bar shimfiɗa.

Barin wuri

Tsuntsu yakan tashi daga reshe, jirgin sama kuma yakan tashi daga filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang. Iyali sukan tashi daga gidan haya su koma wani. Idan aikau taron jama'a ne, ma'anar takan zama watsewa: an tashi daga makaranta, taro ya tashi, kasuwa ta tashi. A lura da jimlar "Mota ta tashi", domin tana da fuska biyu. A bakin makanike tana nufin injin ya kama, amma a bakin ɗan kamasho tana nufin motar ta bar tasha. Matafiyin da bai bambance su ba yana iya zama yana jiran motar da ta riga ta kai Bukuru. Ita kalmar "tasha" kuwa ba ta da dangantaka da "tashi", aro ce daga Turanci.

Farawa ko ɓarkewa

Abin da yake kwance, idan ya motsa, sai a ce ya tashi. Gobara takan tashi, kamar wadda ta tashi a babbar kasuwar Jos ta Taminus a watan Fabrairun 2002. Tsohon ciwo yakan tashi, haka ma rikici. Hausawa kan ce, "Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa," idan abu ya ɓullo daga inda ba a zata ba. Daga wannan ma'ana aka sami "tashin hankali". Hankali a kwance yake lokacin zaman lafiya, shi ya sa kishiyarsa ita ce "kwanciyar hankali". Haka nan "tashin zuciya" na nufin jin amai.

Ƙaruwa, girma da sakamako

Idan dankalin Turawa ya yi ƙaranci a Bokkos da Mangu, farashinsa yakan tashi a Jos. Kwaɓin burodi yakan tashi idan an sa masa yisti. Wanda ya ce, "A Jos na tashi," yana nufin a nan ya girma, kuma daga wannan aka sami "matashi", "matashiya" da "matasa". Mai saye yakan tambayi mai shago, "Nawa kuɗin ya tashi?" wato nawa ne jimillarsa. A fagen ƙwallo ma akan ce, "Plateau United da baƙinta sun tashi ɗaya da ɗaya." Idan kuma sunan aiki ya biyo bayansa, yana nuna shiri ko kusantowar abu: "In ka tashi tafiya, ka yi mini magana."

Sauyin siffa

A duk misalan da suka gabata, "tashi" aikatau ƙi-karɓau ne. Idan ana son nuna cewa tafiyar ta nufo mai magana, sai ya zama "taso". Daga 1914 zuwa 1957 akwai ƙaramin layin dogo da ya haɗa Zariya da Jos domin jigilar kuza. Mutumin Zariya zai ce, "Jirgi ya tashi," mutumin Jos da ke jiransa kuwa zai ce, "Jirgi ya taso." Saboda haka ne ake cewa hadari ya taso, domin mu ya nufo.

Idan wani ne ya sa aka tashi, akwai hanya biyu. Ta farko: "Inna ta tashi Musa daga barci," amma gaban wakilin suna sai a ce, "Inna ta tashe shi." Ta biyu ita ce "ta da" ko "tayar da": "Direba ya tayar da mota," "Labarin ya ta da hankalin jama'a."

Inda ba a amfani da shi

Wanda ya saba da Turanci ya san aikatau rise yana aiki ga mutum, da farashi, da rana. Hausa ta yarda da biyun farko, amma ba ta yarda da na uku ba. Rana ba ta tashi, fitowa take yi: "Rana ta fito daga bayan duwatsun Shere." Haka ma kogi, akan ce ya kawo ruwa ko ya cika. Don haka, kafin ɗalibi ya fassara jimla, ya fara duba aikau, sannan ya tambayi kansa yadda Bahaushe yake faɗin abin.

Aiki

1. Bayyana bambancin "kaya sun tashi" da "kasuwa ta tashi".
2. Cike gurbi da tashi, taso, tashe ko tayar da: (a) Yaya ta ____ ni da asuba. (b) Baƙinmu sun ____ daga Pankshin. (c) Iska ta ____ ƙura.
3. Gina jimla da kowane ɗayan waɗannan: tashi tsaye, faɗi-tashi, yara masu tasowa.