Shin 'Yan Sandan Gwandu Da Kalgo Na Buƙatar Motoci Masu Tsananin Gudu Irin Na Dubai?

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da bidiyon motocin 'yan sandan Dubai, farare masu ratsin kore, daga Lamborghini sai Ferrari sai Bugatti. A ƙasan bidiyon ba a rasa wanda zai rubuta cewa da 'yan sandan Najeriya na da irinsu, da ɓarawo bai kwana lafiya ba. Maganar tana da daɗin ji, amma kafin a yarda da ita ya kamata a ɗora ta a kan hanyoyin Gwandu da Kalgo a ga ko za ta iya tafiya.

Da farko, me masu motocin ke yi da su? A shekarar 2013 rundunar 'yan sandan Dubai ta shigo da Lamborghini Aventador, daga baya ta ƙara da Bugatti Veyron, wadda kundin Guinness ya tabbatar a matsayin motar 'yan sanda mafi gudu a duniya, mai iya cin kilomita 407 a awa ɗaya. Sai dai ba ɓarayi ake kora da su ba. Ana ajiye su ne a wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke taruwa, kamar kusa da Burj Khalifa, mutane su ɗauki hoto, su yi hira da jami'ai. Talla ce ga birnin, kuma tallar ta ci, tunda ga shi har a Kebbi ana zancenta. Aikin sintiri na yau da kullum kuwa motoci na gama-gari ne ke yin sa.

Italiya ce ta samar wa irin wannan mota aiki na gaske. Tun 2004 kamfanin Lamborghini ke bai wa 'yan sandan ƙasar motoci, ya fara da Gallardo, sannan Huracán. A gaban motar akwai wani ɗan akwati mai sanyaya kaya, inda ake saka ƙoda ko wani sashen jikin da za a dasa wa majinyaci. A 2020 an yi amfani da Huracán wajen kai ƙoda daga birnin Padua zuwa Roma, tafiyar kusan kilomita 500, cikin kimanin awa biyu. A nan gudun ya yi rana. Amma a lura da abubuwan da suka haɗu: titi mai faɗi kuma lafiyayye tun daga farko har ƙarshe, direban da ya sha horo na musamman, da kuma motar da ba gwamnati ta saya ba.

Yanzu a dawo gida. Kalgo tana bakin hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega, kuma a yankinta mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake. Hanya ce da ba ta rabo da tireloli, motocin haya, Keke Napep da 'yan kabu-kabu. Gwandu kuwa, tsohon garin da kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, ƙauyuka ne da gonaki suka kewaye ta. Da zarar an sauka daga kwalta sai rairayi da rani, taɓo da damina, ga amalanken shanu, jakuna da garken tumaki da ba su san jiniya ba.

Matsala ta farko tsayin mota ne daga ƙasa. Tsakanin cikin Huracán da titi bai kai santimita 15 ba, alhali na Toyota Hilux ya haura 20. An yi ta a kwance ne don iska ta danne ta a kan titi idan tana gudu, kuma wannan dabarar ce za ta sa tudun rage gudu ɗaya a bakin kasuwa ya kankare mata ciki. Hanyar fadama kuwa ba a ma maganarta. Matsala ta biyu ta fi ban dariya: kujera biyu gare ta. Idan jami'ai biyu suka kama wanda ake zargi, a ina zai zauna?

Sai batun mai. Injin waɗannan motoci yana son fetur mai lambar oktan 95 zuwa 98, wanda ba shi ne ake sayarwa a yawancin gidajen man Najeriya ba, balle a jarkar 'yan bumburutu. Tankin Veyron yana cin lita 100, kuma idan aka take ta iya gudunta, cikin kusan minti 12 zai ƙafe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da lita 100 ke nufi. Idan kuma wani abu ya lalace, ba aikin bakaniken bakin titi ba ne, sai an haɗa ta da kwamfutar kamfani, a jira kayan gyara daga Turai. Hilux kuwa ko a Jega ta tsaya, da wuya a rasa mai gyara ta kafin la'asar.

Ko da an warware duk waɗannan, akwai lissafin da bidiyon TikTok ba ya nunawa. A ɗauka an kira 'yan sanda zuwa wani wuri mai nisan kilomita 20. Motar da ke tafiya a kan 80 za ta isa cikin minti 15. Mai tafiya a kan 120 za ta isa cikin minti 10. Mai 200 kuwa minti 6. Ke nan duk tsadar motar, minti 9 ta rage, shi ma sai idan titin miƙaƙƙe ne kuma babu kowa a kai. To amma farashin waɗannan mintoci fa? A kan 200, mota tana shafe kusan mita 55 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafar direba ta kai kan birki ta riga ta ci rabin filin ƙwallo. Kuma idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take sau huɗu. Yaro ɗaya ya tsallako da tallar gyaɗa, shi ke nan. Saboda irin wannan haɗarin ne rundunoni da dama a Amurka suka taƙaita korar mota da gudu, sai a kan manyan laifuka.

Masu waya sun fi kowa fahimtar inda gizo ke saƙar. Wayar da ta fi kowace ƙarfin furosesa, idan aka kai ta ƙauyen da sabis ke sanda ɗaya, bidiyo ba zai buɗe ba, domin ba a furosesa matsalar take ba. Haka kai ɗaukin 'yan sanda yake. Lokacin da ake ɓatawa yana tafiya ne a neman sabis, a neman lambar da za a kira, a kwatancen wuri ("bayan tsamiyar nan, kusa da rijiya"), a jiran motar da ta fita wani aikin, wani lokacin har a neman man da za a zuba mata. Wanda ya rasa awa guda a nan, minti 9 ba za su fisshe shi ba.

Sannan wa ake kora? Maharan da suka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 daji suka nufa. Lakurawan da suka kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, su ma da babura aka san su. Babur yana ratsa gonar gero, ya bi gefen rafi, ya shige inda ko Hilux sai ta yi tunani. Kuɗin Huracán ɗaya, wanda ya haura dala 200,000, zai sayi babura fiye da ɗari, ko ya ɗauki nauyin abubuwan da ba su da kyan hoto amma suna aiki: oba-oba a hannun kowane jami'i, na'urar GPS a kowace motar sintiri don a san wadda ta fi kusa, jirgi marar matuƙi mai kyamarar gani da dare, da sola mai riƙe wutar ofishi. Saƙon rediyo yana tafiya da saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ɓarawon motar da ya bar Kalgo a guje, kafin ya kai Jega shinge na jiran sa, ba tare da kowa ya bi shi ba. Lambar gaggawa ta 112, wadda ake kira kyauta daga kowane layi, ita ma amfaninta ya rataya ne a kan sabis da kuma wanda zai ɗaga ya tura jami'ai.

Akwai wurin da mota mai ƙarfi za ta iya yin amfani nan gaba. A 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda za ta ratsa jihar Kebbi. Idan aka kammala ta, masu sintiri a kanta za su buƙaci motar da ta fi Hilux sauri. Ko a nan ɗin, abin da ya dace shi ne irin Dodge Charger ko Ford Explorer da 'yan sandan Amurka ke hawa, masu ƙofa huɗu, da kujerar baya ta wanda aka kama, da but mai ɗaukar kayan aiki.