Hutu ya zo: fim biyu da suka cancanci datarku

Data ta yi tsada, hutun kuma gajere ne, shi ya sa fim biyu kacal muka zaɓo muku a Netflix.

Na farko shi ne Amina na Izu Ojukwu, wanda ya fito a 2021, har da Ali Nuhu a ciki. Labarin sarauniyar Zazzau ne, mu 'yan Kaduna kuwa labarin gida ne, don Turunku, garin da tarihin baka ke dangantawa da ita, yana nan Igabi. Dawakai da fagen daga sun ƙayatar. Amma fa kada ku kwashi abin da kuka gani ku zuba a takardar jarrabawa! An cusa ƙirƙira da yawa. Mai son tantancewa ya roƙi malamin tarihi ya kai ajinsu Arewa House da ke titin Rabah.

Na biyu shi ne The Boy Who Harnessed the Wind na 2019. William Kamkwamba, yaro ne a Malawi da aka kora daga makaranta saboda rashin kuɗi, ya haɗa injin iska da tarkacen keke ya jawo wa ƙauyensu ruwa ana tsakiyar fari. Ku sauke shi da dare lokacin garaɓasar data, ku kalla da ƙannenku.