"Tura Mini Mai Kyau": Yadda Ake Zaɓen Fim da Waƙa a Karare da Kewayenta

A Karare, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Batsari, da ƙauyukan da suka miƙa kudu har ƙasar Safana, fim da waƙa ta bakin mutane suke shigowa. Wani ya gani, ya yaba, ya ce wa abokinsa ya nema. Yankin ba shi da gidan silima, jarida ba ta cika isowa ba, wutar lantarki ba ta da tabbas, data kuma tsada gare ta. Saboda haka maganar wanda aka yarda da shi ita ke yanke abin da gida guda zai kalla bayan sallar isha'i da abin da za a bari. A birni mutum kan danna ya leƙa, in bai yi masa ba ya wuce gaba. A nan kuwa, wanda ya biya kuɗin tura masa fim a waya ya koma gida da cajin waya na dare ɗaya ba shi da wannan sararin. In an ba shi shawarar banza, ya yi asarar kuɗinsa da cajinsa da hirar daren.

Al'adar ta girmi waya nesa ba kusa ba. A da, makaɗi ne zai zo biki ko kalankuwa, waɗanda suka halarta su kai labarinsa kasuwa, kafin mako ya zagayo an san ko ya iya ko bai iya ba. Da rediyo ya shiga gidaje, sai abin ya sami sabuwar hanya. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya shahara da shirin Zaɓi Sonka, inda mai saurare kan aika kati ya zaɓi waƙa, ya jero sunayen waɗanda yake gaisarwa. Har ƙungiyoyin 'yan zaɓi sonka aka kafa a garuruwa da ƙauyuka. Wanda ya aika katin nan ya ɗora sunansa da na garinsu a kan waƙa ke nan, kowa yana ji, don haka ba ya zaɓen abin da zai zubar masa da girma. Zamanin kaset ya ƙara wa abin armashi. Mai rikoda da batir shi ne mai majalisa, kuma a gindin rikodarsa ake gardamar wanda ya fi wani: Alhaji Mamman Shata na Musawa da kalangunsa, ko Musa Ɗanƙwairo da Narambaɗa na fada, ko Ɗan Anace na 'yan dambe, ko Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. Cikin gida kuma Barmani Coge ta Funtuwa ce da kiɗan ƙwarya.

Shi kallo ya fara ne da majigi tun zamanin Turawa, wanda ba zaɓi a cikinsa, abin da hukuma ta kawo shi ake gani. Wasannin talbijin irin na Samanja da Ƙasimu Yero sun fi isa ga mutanen birni. Sai da bidiyo da janareta suka yawaita sannan ƙauye ya sami gidan kallo, mai gidan kuma ya zama mai zaɓar wa jama'a. Fina-finan Indiya ne suka fara cin kasuwa, har Hausawa suka raɗa wa jarumansu sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Sunan kansa sharhi ne a dunƙule, domin wanda ya ji shi ya san irin fim ɗin da zai tarar. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya soma da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, ya bunƙasa da irin su Sangaya a ƙarshen shekarun 1990, sannan marigayi Rabilu Musa Ibro ya mamaye ƙauyuka da barkwancinsa har rasuwarsa a Disamba 2014. Rubutaccen sharhi ma ya samu, musamman a mujallar Fim da Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, ya kafa a 1999. Sai dai masu karanta ta galibi 'yan boko ne na birane. Ƙauye ya ci gaba da dogara ga baki.

Yau wanda ke riƙe da wannan ragama shi ne mai turi. Matashi ne yawanci, da kwamfuta ɗaya da tarin igiyoyin caji, a rumfar kasuwa ko bakin tasha, sau da yawa shi ne kuma mai cajin waya da janareta ko sola. Yana sauko da fina-finai da waƙoƙi daga intanet ko ya karɓo wurin na gaba da shi a Katsina ko Dutsin-Ma, ya zuba wa mutane a memori a kan ɗan kuɗi kaɗan. Mafi yawan masu zuwa wurinsa ba su zo da sunan fim a baki ba. Abin da suke cewa shi ne, "Tura mini mai kyau," ko "Me ya fito sabo?" Daga nan sai ƙwarewa ta yi aiki. Mai turin da ya san sana'arsa ya san wanda ke gabansa. Ya san ɗan acaɓa yana son na faɗa da gudun mota, ya san magidancin da ya ce "na iyali nake so" yana nufin wanda zai iya kalla tare da 'ya'yansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ya san dattijon da ya miƙo ƙaramar waya mai maɓallai karatun Alƙur'ani da wa'azi da tsofaffin waƙoƙi yake nema. Wanda ya riƙa dacewa, mutane su taru gare shi. Wanda ya cika wa mutane memori da tarkace, sai a koma rumfar maƙwabcinsa ba tare da an ce masa komai ba.

Daga hannun mai turi abin yake bazuwa kyauta, waya zuwa waya, ta Xender ko Bluetooth, a majalisa da teburin mai shayi da gona lokacin hutun rana. A nan ne ake yin sharhi na haƙiƙa, kuma yana da ma'aunansa, ko da ba a rubuce suke ba. Tambaya ta farko ita ce, "Akwai ma'ana?" Fim mai ma'ana shi ne wanda labarinsa ya tafi daidai, aka ga sakamakon mai kirki da na azzalumi. Ta biyu, "Akwai darasi?" Samari su ƙara da tasu: "Akwai faɗa? Bos ɗin ya yi taurin kai?" In fassara ce, sai a tambayi ta wane kamfani ce, domin sunan Algaita na Kano ya zama tamkar hatimi a fina-finan Indiya da aka juya zuwa Hausa. Wannan fassarar ce ta sa jaruman kudancin Indiya irin su Prabhas da Allu Arjun suka zama sanannu a ƙauyukan da ba a jin ko kalma ɗaya ta harshensu. Mafi munin hukunci kuwa gajere ne: "An ja shi da yawa." Duk shirin da aka yi wa wannan shaida a majalisa, da wuya ya sake tashi a garin.

Mata suna da tasu hanyar, kuma ita ce ta fi ƙarfi a kan fina-finai masu dogon zango. Matar aure ba ta zuwa rumfar mai turi. Yaro take aika da memori da saƙo, saƙon kuma daga abin da ta ji ne a gidan suna ko gidan biki ko wurin kitso. Shirin da mata suka karɓa ya zauna da gindinsa, domin su ne ba sa tsallake fitowa ko ɗaya, su ne kuma ke riƙe sunayen 'yan wasa da tarihin kowane saɓani. Haka waƙoƙin biki. Jarumar Mata ta Hamisu Breaker, wadda ta game ƙasar Hausa a 2020, mata ne suka ɗauke ta suka kai ta ko'ina.  

Darajar wannan tsari ta fito fili a 2021. A watan Satumba na shekarar, saboda matsalar 'yan bindiga da ta addabi garuruwan da ke gefen dajin Rugu, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. Na tsawon watanni babu kira, babu intanet. Abin da ya rage wa mutane shi ne rediyo da abin da ke cikin memori tun da farko, da wanda matafiyi ya shigo da shi daga Katsina. Mutanen da ke kwana da fargaba suna bukatar abin da zai ɗauke musu hankali ko na sa'a guda, kuma wanda ya san wannan ba zai raina waƙa ko wasan barkwanci ba.

To, me ya cancanci a ba da shawararsa? A cikin shirye-shiryen talbijin, Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, shi ne ya fi kusa da rayuwar mai kallo na karkara. Mutanensa irin waɗanda ake gani kullum ne: mai shayi, malamin allo, miji da mata masu faɗa da shiri irin Kamaye da Adama. Ya taɓo almajirci da shaye-shaye da gudun hijira ba tare da ya koma wa'azi tsagwaronsa ba, kuma babba da yaro za su iya zama su kalla tare. Kwana Casa'in, da ya fara a 2019, ya dace da majalisar masu son siyasa, domin a jiharsa ta ƙirƙira, Alfawa, an nuna yadda ake sayen ƙuri'a da yadda ake matsa wa ɗan jarida. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi dariya ce mai tsabta a kan attajiri da tarin 'ya'yansa masu jiran dukiya. Labarina na Aminu Saira ya fi su kyawun hoto da tsarin ɗauka, ko da yake duniyarsa ta masu kuɗin birni ce. Izzar So na Lawan Ahmad, wanda ya fara fita a tashar Bakori TV ta YouTube a 2020, ya samu karɓuwa saboda ladabin jaruminsa Umar Hashim, amma yana cikin waɗanda tsawo ya rage wa ƙarfi. Fina-finan Indiya na fassara suna da daɗin kallo, sai dai zubar da jini ya yi yawa a cikin da dama daga cikinsu, kuma yaran da suka ji ƙarar bindiga ta gaske ba su bukatar a ƙara musu da ta fim.

A fagen waƙa, sababbin mawaƙa ba su bukatar mai yi musu talla. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ado Gwanja suna cikin kowace waya, haka ma Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙasar Ɗanja, duk lokacin da siyasa ta kaɗa. Wanda ke neman zurfin Hausa a cikin kiɗan zamani ya nemi Aminu Ala. Waɗanda ke bukatar mai tuna wa mutane da su tsofaffin ne. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015, kuma akwai samari da yawa a yau da ba su taɓa zama sun saurari Bakandamiyar Shata daga farko har ƙarshe ba. Alhali a cikin waɗannan waƙoƙi ne sunayen garuruwa da sarautu da sana'o'i da karin maganar ƙasar Katsina da Zamfara suke ajiye. Saurayin da bai ji su ba ya rasa wani yanki na harshensa.

Tsarin yana da nasa aibi, kuma bai kamata a rufe shi ba. Kuɗin da ake ba mai turi ba ya isa ga wanda ya kashe dukiyarsa ya shirya fim, kuma wannan yana cikin abin da ya durƙusar da kasuwar faifai ta Kano, ya tura masu shirya fim zuwa YouTube, inda yawan fitowa ke kawo kuɗi. Jan labarin da ake kuka da shi a majalisa daga nan ya samo asali. Aibi na biyu ya fi wannan ciwo. Memori ba ya tantance mai riƙe da shi. Hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana duba abin da aka shirya a jiharta ne, ba ta da ido a kan abin da ke wucewa daga waya zuwa waya a wata jiha. Ta haka hotunan batsa da waƙoƙin zuga 'yan bindiga da bidiyon gawarwaki ke faɗawa hannun yara. A ƙauye babu mai tacewa sai mutum biyu: mai turi da mai gida.

Don haka kira ga masu turi na Batsari da Safana da Runka da ƙauyukan da ke tsakani shi ne su riƙa tambayar yaron da ya miƙo memori na wane ne kafin su zuba masa komai, su ƙi ajiye abin da ke ɗaukaka masu kashe mutanensu, su kuma ware wa Shata da Barmani da Ɗanƙwairo wuri a kwamfutarsu, su riƙa ƙara wa saurayi waƙa ɗaya tasu ko bai tambaya ba. Iyaye kuma su karɓi wayar su duba, su zauna su kalli ko fitowa ɗaya tare da yaran kafin su bar musu sauran.