INUWAR SANDA DA LOKACIN LA'ASAR

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, da yawa daga cikinmu sun haddace cewa La'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa. Amma akwai sharaɗin da akan manta, wanda Ibn Abi Zaid ya ambata a cikin Risala: sai an ƙara inuwar da ta saura lokacin da rana take tsaka, watau inuwar zawali.

Domin a fahimci dalili, sai a kafa sanda a tsaye cak a fili mai daidaito. Sandar, da inuwarta, da hasken da ya sauko daga kan sandar zuwa ƙarshen inuwar, sun haɗa alwatika. Ƙa'idar ita ce, a lokaci guda kuma a wuri guda, yadda inuwa take ga tsawon mai ita daidai yake a kowane abu. Idan sanda mai ƙafa 2 ta yi inuwa ƙafa 4, to hasumiyar da inuwarta ta kai ƙafa 80 tsawonta ƙafa 40 ne, ba sai an hau ta da igiya ba. Abin da ke canza wannan gwargwado shi ne tsayin rana a sama kawai. Idan ta yi digiri 45 bisa sararin ƙasa, inuwa da mai ita sun zama ɗaya.

Malaman lissafi na Musulunci sun kira wannan gwargwado zillu, watau inuwa. Ana danganta jadawalinsa na farko ga Habash al-Hasib, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9 na Miladiyya. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, da Abul Wafa, wanda ya rasu a 998, sun faɗaɗa fannin, kana Al-Biruni ya wallafa littafi sukutum a kan inuwa da lokutan salla. Injiniyoyi da masu awon ƙasa suna aiki da wannan ƙa'ida har gobe.

To, mu duba Kano, wadda ke digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Malamai kan ƙiyasta tsawon mutum da ƙafa 7 nasa. A wasu kwanaki na Afrilu da Agusta rana takan bi ta bisa kai sosai, inuwar zawali ta ɓace, sai La'asar ta shiga a ƙafa 7 daidai. Amma a ƙarshen Disamba, lokacin hunturu, rana takan karkata kudu, inuwar zawali ta kai kamar ƙafa 5. Ke nan La'asar ba ta shiga sai a ƙafa 12. Wanda ya yi ta a ƙafa 7 a wannan lokaci ya riga lokacinta da fiye da sa'a guda, alhali shigar lokaci sharaɗi ne na ingancin salla.

Saboda haka ɗan kasuwa mai gaggawar kama hanya, da ma'aikaci mai son ya sallata kafin ya bar ofis, su kula: jadawalin wani gari ko na wani wata ba ya wadatar da su. Ladanai kuma su riƙa gwada agogonsu da sanda lokaci-lokaci, domin jama'a sun ɗora musu amana.

Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.